Ɗigon da na raina a jikin safa

Shekara biyu ke nan da aka haɗe min ƙasusuwan idon sawu, amma har yau idan na cire safa sai na juya ta na duba cikinta.

Daga kan tsani na faɗo, ƙasan ƙashin ƙwaurina na hagu ya farfashe har ya huda fata. Aka yi tiyata, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka sallame ni. Abin da ya ci ni a mako na bakwai ya faro: wani ɗigo rawaya-rawaya a jikin safa, bai kai girman farce ba, daidai ƙarshen ɗinkin. Babu zazzaɓi, babu wani ciwo na a zo a gani. Na ce gumi ne. Da ya ƙi tsayawa, sai na lalubo ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a durowa na hau sha. Ya ƙafe kwana huɗu, ya dawo, na ƙara. Mako uku ina wannan wasa, ni a dole na iya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ranar da na koma, likita ya danna gefen tabon da babban yatsa, mugunya ta ɓulɓulo. Bai yi faɗa ba. "Malam, ka sha wani magani?" Da na ce e, sai ya ajiye biro ya jingina da kujera. Ya ce idan ƙwayoyin cuta suka samu ƙarfe, wani yauƙi suke shimfiɗawa a kansa su laɓe a ciki, magani ba ya ratsa shi. Abin da na sha bai kashe su ba, ɓoye su kawai ya yi wa masu gwaji. Haka kuwa aka yi, gwajin farko bai nuna komai ba. Sai da aka tsayar da duk wani magani na mako biyu, aka ɗebo nama da ƙashi daga can ciki a ɗakin tiyata, sannan aka kama ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus. Kafin nan guringuntsin gaɓar ya gama cinyewa.

Aka cire ƙarfen, aka kankare mataccen ƙashi, aka cusa ƙwallayen siminti masu magani a ramin, na yi mako shida ana ɗura min magani ta jijiya. Maganar gaɓar roba da ƙarfe ma ba ta taso ba, ba a dasa ta inda cuta ta yi gida. Zaɓi biyu aka ba ni: a haɗe ƙashin ƙwauri da na ƙarƙashinsa su zama ɗaya, ko a yanke ƙasan gwiwa. Na zaɓi haɗewar. Aka ɗaura min zoben Ilizarov, wato zobban ƙarfe da ke kewaye ƙafa daga waje su riƙe ƙashi, wayoyi sun ratsa ƙashi ta ko'ina, na ɗauke shi wata biyar ina goge bakin kowace waya safe da yamma. Sigari ma a nan muka rabu, don an gaya min ƙarara tana hana ƙashi kamawa.

Ya kama, alhamdulillahi. Abin da ya ba ni mamaki, ƙafar ba ta zama icce ba kamar yadda na zata. Sauran ƙananan gaɓoɓin ƙafa suna ɗan lanƙwasawa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba kowa ke gane ɗingishina ba, ciwon nan mai hana barci kuma ya tafi. Gangare ne abokin gaba. Saukowa daga matakala sai na karkace, tsugunno sai dai diddige a sama, gudu kuwa mun yi sallama. Ƙasan diddigen yakan yi tsami idan na wuni a tsaye, kuma likita ya ce gaɓar wurin ce ke ɗaukar aikin da ba nata ba, tana iya gajiya nan gaba.

Duk wanda ke da ƙarfe a ƙashi ya ga ruwa na fita daga tabo, ya koma asibiti a ranar, kuma kada ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya kafin a ɗebi abin gwaji. Ni ƙafata ta gajarce da santimita 2. Likita ya ce karaya mai huda fata tana iya kamuwa da cuta ko da mutum bai yi sakaci ba, na kuma ji shi. Amma duk lokacin da na kai sabon takalmi a ƙara wa na hagu tudu, makonnin nan uku nake lissafawa.