Ɗakin gumagumai a bakin rafi

Lahadi. Wankin jiya har yanzu yana cikin kwando, ban ninke ba.

Bayan la'asar Abban yara ya ce mu ɗan taka, Auta ta ishe mu da tsalle a kan kujeru. Shekararmu huɗu a Drexel Hill, nan jihar Pennsylvania ta Amurka, kullum muna wuce kwanar Creek Road, amma sai yau muka gangara bakin rafin Darby har wajen ɗakin nan na 'yan Suwidin. Ɗan ƙarami ne, ciki biyu. Gumagumai ne aka sassaƙe bakinsu aka ɗora wani kan wani, aka liƙe tsakani. Auta ta ce wai gidan kaji ne.

Wata tsohuwa mai yawo da kare ta ji mu muna dariya, ta tsaya. Ta ce tsakanin 1640 da 1650 aka gina shi, lokacin da Suwidin ke da 'yan mulkinta a bakin kogin Delaware, kafin mutanen Holan su ƙwace a 1655. Daga baya ma'aikatan masaƙun bakin rafin suka zauna ciki, har fim an ɗauka a wurin farkon shekarun 1900. Ta nuna gidajen da ke sama da hannu, ta ce duk baƙi ne, shi kaɗai ne ɗan gari. Na ji daɗin maganar.

Sai ta juyo ta tambaye ni, a garinku fa, gidan kakanninku yana nan?

Na ce yana nan. Haka kawai bakina ya faɗa. Abban yara ya kalle ni, ya kau da kai.

Alhali bara aka rushe shi. Zauren Malam mai dagi a goshi, soron da azararsa ta yi baƙi da hayaƙi, duk an kwashe, an jera shaguna uku na bulo. Kuma da Yaya ya kira ya ce damina ta ci katanga, gyara asarar kuɗi ne, ni ce na fara tura kuɗin siminti. Har da cewa Allah ya sa albarka. Ko hoton zauren ban ce a ɗaukar mini ba.

Tuwon dare ya yi gudaji, ba wanda ya yi magana.

Na ɗauko waya zan tambayi Inna ko an ajiye tsohon ƙyauren, na tuna can dare ya raba. Sai da safe.