Cikon haƙorin da ya janyo mini asarar ƙashi

Ranar da aka cike mini ramin da ke gefen ɗaya daga cikin turamen haƙorana na ƙasa, na fito ina murna, domin zogin da ya hana ni barci ya tafi tun a daren. Farin ciko aka sa mini, irin wanda ake ƙafar da shi da shuɗin haske, ba na azurfa mai haɗe da zaiba ba, kuma ko a madubi da ƙyar nake gane wurin.

Bayan kamar mako uku, sai na lura cewa duk lokacin da na zura zaren sakace a tsakanin haƙorin da aka cike da na kusa da shi, yakan maƙale ya fito a yayyage, dasashin wurin kuma ya yi jini. A nan na tafka kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa: na ɗauka zaren ne yake ji mini ciwo, sai na daina taɓa wurin kwata-kwata, wai don ya huta ya warke. Haka na zauna fiye da shekara guda, abinci yana cusuwa a gurbin, ga wani wari da buroshi ya kasa kawarwa.

Da na je aka ɗauki hoton X-ray na haƙorin, likitar haƙori ta nuna mini wani ɗan ƙaramin leɓe na cikon da ya zarce gefen haƙorin ya shige ƙarƙashin dasashi. Ta ce a ƙarƙashin irin wannan leɓen ƙwayoyin cuta suke samun mafaka, inda buroshi ba ya kaiwa, su kumbura dasashi, in aka daɗe kuma su fara cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori. Ta auna zurfin da ke tsakanin dasashi da haƙori: lafiyayye ba ya wuce milimita 1 zuwa 3, nawa a wurin nan ya kai 5, alhali sauran bakina ƙalau yake. Wato ba ƙazanta ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

An cire tsohon cikon, aka sake wani da ya zauna daidai, aka goge shi sumul, aka kankare dattin da ya daskare a ƙasa. Cikin mako biyu jinin ya tsaya. Ƙashin da ya zaizaye dai bai dawo ba, dasashin ya ɗan ja baya, ruwan sanyi kuma yana sa mini zogi a wurin.

Yanzu idan aka yi mini ciko, ba na tashi daga kujerar sai an zura zare a gabana na ji ya shiga da ɗan tauri ya fita lafiya. Da tun a makon nan na uku na koma, wataƙila gyaran ƴan mintoci ne kawai.