Asabar: wa ya fara zama zakara?

Tun kafin in karya kumallo na ga an taɓa jimlar nan. Jiya da dare na bar shafin da muke haɗawa da Hausa a Wikipedia yana cewa gasar 2019 ita ce ta farko da hukumar ces ta duniya, FIDE, ta sa wa hannu a Chess960, salon ces da ake yamutsa jerin baya kafin a fara wasa. Da safe na tarar wani matashin edita ya gajarce ta: "Wesley So shi ne zakaran duniya na farko." Ban gama shan koko ba Malam ya shigo ya goge So ya sa Peter Leko. Matashin ya mayar. Malam ya sake gogewa. Babu ko sallama a tsakaninsu, kowa sai danna maɓalli.

Malam tsohon malamin makaranta ne, ya girme mu duka, kuma shi ya koya wa da yawanmu yadda ake saka madogara a ƙasan jimla. Shi kuwa matashin bai daɗe da shigowa ba, amma yana da zafin nama, kuma ya iya wasan fiye da ni nesa ba kusa ba. Wannan ne ma ya sa rigimar ta yi ɗaci. Da ɗayansu jahili ne da abin ya zo da sauƙi.

Ƙanwata ta shigo ɗaukar tsintsiya ta gan ni na ɗaure fuska a kan waya. "Yaya, lafiya? Ko kuɗi aka cire maka?" Na ce a'a, faɗa ake yi a kan ces. Ta ce wanda nake bugawa da maƙwabci? Na ce shi, amma ba shi ba. Sai na jawo allon daga ƙarƙashin gado, wanda soja ɗaya na baƙaƙe ya ɓace tuntuni muke cike gurbinsa da murfin kwalbar lemo, na jera mata.

Sojoji takwas suna nan a layinsu kamar kullum. Manyan da ke bayansu ne ake yamutsawa, amma da sharaɗi biyu: bishof ɗaya ya zauna a farin gida ɗaya a baƙi, sarki kuma ya kasance a tsakanin hasumiyoyi biyu. Yadda farare suka zauna haka baƙaƙe za su zauna. Ta tambayi inda aka samo 960, na lissafa mata a bayan ambulan. Bishof na farko yana da gida 4 da zai iya zama, na biyu 4, sarauniya ta zaɓi ɗaya cikin 6 da suka rage, dawaki biyu suna da hanya 10 ta zama a gidaje biyar, ukun da suka saura kuwa babu zaɓi: hasumiya, sarki, hasumiya. 4 sau 4 sau 6 sau 10. Ta buga a wayarta ta ga 960 cif, ta ce, "To a kan wannan kuke faɗa?" Na ce ina, wannan kaɗai ne ba a musu a kai. Jerin da kowa ya saba da shi ma yana cikinsu, shi ne mai lamba 518.

Wajen hantsi na buɗe shafin tattaunawa na roƙe su su kawo hujja a can, su bar jikin maƙalar ya huta. Na tuna musu cewa a Wikipedia ta Turanci idan mutum ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, mu ma bai kamata mu jira sai an kai ga haka ba.

Malam ne ya fara. Ya rubuta doguwar amsa, da lambobi kamar mai gyaran jarrabawa. A 2001, a birnin Mainz na Jamus, Leko ya kara da Michael Adams wasa takwas ya ci 4½ da 3½. A 2003 Peter Svidler ya doke Leko, masu shirya gasar Mainz suka kira shi zakaran duniya, ya riƙe kambun har Levon Aronian ya karɓe a 2006, Hikaru Nakamura kuma ya ci a 2009. "Duk waɗannan," in ji Malam, "wasan yara suka yi? Shekara nawa ana buga gasa ana ba da kambu kafin a yi ta 2019?"

Matashin ya ce shi bai raina kowa ba, amma kambun duniya ba kowa ke raba shi ba. Gasar Mainz ta masu shirya ta ce. Ya ƙara da cewa ko karawar da Magnus Carlsen ya yi da Nakamura a Nowe a 2018, wadda Carlsen ya ci 14 da 10, ai su kansu ba su ce ta hukuma ce ba. Ta farko da FIDE ta amince da ita ita ce ta 2019, inda So ya lallasa Carlsen 13½ da 2½ ba tare da an ci shi ko wasa ɗaya a zagayen ƙarshe ba. Har nan maganarsa daidai take. Sai ya rufe da cewa wasu sun tsaya a zamanin da, ba su san an ci gaba ba.

Nan aka ji Malam shiru. Na san shirun nan.

Bayan azahar na kira shi. Muka gaisa, na tambayi iyali da jiki, ya ce alhamdulillahi, sannan ya ce, "Ka ga abin da yaron nan ya rubuta mini?" Na ce, "Na gani, Malam. A yi haƙuri, ƙuruciya ce." Ya ce shi ba haƙuri ne matsalarsa ba, tarihi ne ake son a binne. Na ce ba wanda zai binne Mainz muddin ina nan, amma shi ma ya duba: Leko ko Svidler? Domin a hujjar da ya kawo da hannunsa mutum biyu ne ke neman kujerar farkon. Ya yi dariya kaɗan, ya ce in rubuta abin da nake gani, zai duba bayan la'asar.

Ra'ayina bai canza ba tun jiya. Kundin sani ba shi ne zai naɗa sarki ba. Aikinmu mu faɗi wa ya shirya gasa, a wace shekara, wa ya ci, da kuma sunan da masu shiryawa suka ba wanda ya ci. Idan aka rubuta "zakaran duniya na farko" haka tsirara, an zaɓi ɓangare ke nan, ko da mai rubutun bai lura ba. Kuma wannan ba gardamar editoci kaɗai ba ce. A farkon 2025 FIDE da masu gasar Freestyle (wani sunan Chess960), wato Carlsen da attajirin nan Bajamushe Jan Henric Buettner, sun yi ta cacar baki a bainar jama'a a kan wa ke da ikon kiran gasarsa ta cin kofin duniya. Abin da manyan suka yi ja-in-ja a kansa, mu da ke rubutu da ragowar data ba mu ne za mu yanke shi da jimla guda ba.

Na rubuta sakin layi biyu, ɗaya na Mainz da sunayensu da shekarunsu, ɗaya na FIDE: So a 2019, sai Nakamura a 2022 a Reykjavik, inda ya doke Ian Nepomniachtchi. Kowace jimla da madogararta. Kalmar "na farko" na bar ta wuri ɗaya tak, a jikin FIDE.

Ina cikin wannan aka ɗauke wuta, na koma zaure inda iska ke ɗan shigowa. Can kuma sai ga wata sabuwa. Wata edita, wadda ba ta cika magana ba amma idan ta yi sai an tsaya, ta manna alamar "ana buƙatar hujja" a kan jimlar farko ta shafin, wadda ke cewa Bobby Fischer, tsohon zakaran ces na duniya, ne ya ƙirƙiro wasan. Ta ce yamutsa jerin baya ya girme Fischer da kusan shekara ɗari biyu, don wani Baholande, Van Zuylen van Nijevelt, ya kawo shawarar tun 1792. Matashin ya taso mata ita ma, wai ana son a ƙwace wa Fischer haƙƙinsa.

Wannan ta fi ba ni sha'awa, don a nan akwai abin da za a nuna da yatsa. Gaskiya ne ba Fischer ya fara yamutsawa ba. Abin da ya sanar a Buenos Aires ranar 19 ga Yuni 1996 tsari ne mai ƙa'ida: sarki dole ya zauna tsakanin hasumiyoyi, kuma motsin nan da sarki da hasumiya suke yi tare don ɓoye sarki yana nan, duk inda suka fara suna ƙarewa ne a gidajen da suke ƙarewa a wasan da aka saba. Wannan ne ya hana salon zama hargitsi, ya bar shi ces sosai, sai dai babu haddar buɗe wasa da mutum zai zo da ita daga gida, wadda ita ce abin da ya gundure Fischer. Na ba da shawarar a faɗi duka biyun a jere, tsohuwar dabara da abin da ya ɗora a kai. Ta amince nan take. Matashin ya ce zai nemo littafi tukuna.

Bayan la'asar Malam ya shigo, ya gyara mini waƙafi biyu, ya mayar da sakin layin Mainz sama da na FIDE, ya rubuta "bisa tsarin shekaru". Ban ce komai ba, ai hakan ma ya fi. Matashin bai goge ba, amma bai ba Malam haƙuri ba. Na tura masa saƙo a keɓe na ce, "Ƙanena, hujjarka ta tsaya da ƙafarta, jimlar ƙarshen nan ce ba ta da amfani. Ka cire ta." Ya karanta, bai amsa ba.

Da magariba maƙwabcina ya zo muka buga ɗaya a zaure da fitilar waya. Manhaja ta zaɓa mana jeri, bishof ɗina biyu suka faɗo a lungu ɗaya, sarauniya a can ƙurya. Ya daɗe yana kallon allon kafin ya taɓa soja, ya ce shi wannan wasan yana sa shi jin kamar baƙo a gidansa. Ya cinye ni duk da haka.

Kafin in kwanta na leƙa sau ɗaya. Matashin ya ja layi a kan jimlar da ta ɓata wa Malam rai. A ƙasa kuma ya buɗe sabon kai: a canza sunan shafin daga Chess960 zuwa Freestyle, wai shi ne sunan da mutane suka sani yanzu. Malam ya riga ya amsa, da lambobi har biyar.