Inda na kai da manhajar firinta ta L805

'Yan uwa masu koyon buga hoto a gida, ga inda aikin ya tsaya wannan karon. Har yanzu da Epson L805 nake, mai tawada shida: baƙi, rawaya, siyan, majenta, sai siyan da majenta masu haske, waɗannan biyun na ƙarshe su ne suke sa fuska ta fito sumul ba ɗige-ɗige. Mutane da yawa da zarar sun sa direba, wato manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta, sai su jefar da faifan da ya zo da firintar su koma Photoshop, ni kuwa na ce bari in zauna da manhajar buga hoto ta Epson Easy Photo Print da ta zo a ciki in ga iyakarta, kuma gaskiya ga hoton inci 4x6 na suna da biki ta wadatar.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne wurin zaɓen takarda. Firinta ba ta ganin abin da ka zura mata, abin da ka faɗa mata shi take bi wajen auna tawada, to idan takarda mai ƙyalli ka sa amma saitin yana kan takardar rubutu sai hoton ya fito a koɗe, baƙin ya koma toka-toka, idan kuma akasin haka ne takardar ta jiƙe ta lanƙwashe. Takardun kasuwa da ba sunansu a jerin, ni Premium Glossy nake zaɓar musu, in buga ɗaya in bar shi ya sha iska kafin in yanke hukunci, don kalar takan zauna bayan ta bushe.

Sai PhotoEnhance, wato gyaran da manhajar take yi da kanta. Hoton waya da aka ɗauka cikin ɗaki da duhu yana taimaka masa sosai, wallahi sai ka ga zanen atamfa ya fito. Amma hoton amarya da an riga an gyara kashe shi nake, domin gyara kan gyara yana canza kalar fata, kuma amarya tana son ta ga kanta ne yadda Allah ya yi ta. Na buga hoto ɗaya sau biyu na jera su bakin taga, a wanda aka kunna jan lallen ya yi kau, amma goshi ya yi fari fiye da kima.

Bugu mara farin gefe kuma yana ɗan faɗaɗa hoton ya yanke baki, saboda haka in ɗankwali ya kai ƙarshen sama ku rage faɗaɗawar a saiti.

Da hunturu ya shigo ƙura ba ta da kyau ga kan firinta, wato sashen da ke fesa tawada. Kafin aiki ina buga gwajin nozul, wato ƙananan ramukan da tawada ke fitowa, a takardar rubutu, in layukan sun cika ba na taɓa wankin kai, don wankin yana shan tawada kuma yana cika soson da ke tara ta a ciki. Ku riƙa kashe ta da maɓallinta ba daga soket ba, don kan ya koma mazauninsa ya rufu, in da hali ku haɗa ta da UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke.

Gaba Epson Print CD, manhajar buga hoto a kan faifan CD, zan taɓa in sha Allah, tiren faifan yana nan cikin kwali. Wanda ya taɓa buga faifan biki da ita ya gaya min yadda yake daidaita ramin tsakiya.