Ba Ni da Layar Kura

Ranar da labari ya bazu a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, cewa na samu aiki a gidan namun daji, mutum uku ne suka ja ni gefe, kowa da tambaya iri ɗaya: wane malami ne ya haɗa maka? Ban ga laifinsu ba. Abin da muka taso muna ji shi ne duk mai kusantar kura gardi ne, ya sha magani ya ƙoshi, guru a ƙugu, takunkumi a hannu. Mahaifiyata ita ba ta tsaya tambaya ba, aikawa ta yi aka yi min rubutu, ta tsaya a kaina har na shanye.

Ni ɗan mahauta ne, a mayankar Kaase na koyi riƙon wuƙa a gaban mahaifina, kuma iya sarar nama ne ya sa aka ɗauke ni. Saboda haka na tafi da tunanin cinya zan riƙa jefa wa zaki mutane na kallo. Da na isa aka miƙo min tsintsiya, shebur, bokiti da takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Wata uku ban taɓa naman zaki ba.

Wanda bai san Kumasi ba zai ɗauka gidan zu ɗin a bayan gari yake. A tsakiyar gari yake, tsakanin kasuwar Kejetia da Cibiyar Al'adu, an buɗe shi a 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, kuma sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke riƙe da shi. Kana shara kana jin hon na trotro, wato motocin haya, da kiran yaran mota. A saman itatuwa jemagu ne rataye kamar an shanya tsumma, dubbai a kan dubbai, su ba wanda ya kawo su, ba kuma wanda ke ciyar da su.

An haɗa ni da wani dattijo Batone, ɗan ƙabilar Ashanti, muna ce masa Wofa, wato kawu da yarensu. Shi kuma Kramo yake kirana, yadda Tonawa ke kiran Musulmi. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana isarwa. Kullum in na fito da baro sai ya tare ni.

"Kramo, me ka gani?"

"Kashi na gani, Wofa."

"Wane iri?"

Haushi nake ji, ina ganin wulaƙanta ni yake yi don ni sabo ne. Har wata mazo ta mutu a hannuna. Kwana biyu ina share kashinta, maimakon ƙwaya-ƙwaya a warwatse kamar na akuya sai in gan shi a cure da laushi, ganyen da na zuba mata kuma rabinsa yana nan. Amma tana tsaye da ƙafafunta, kunne a miƙe, sai na ce lafiyarta ƙalau, ban gaya wa kowa ba. Safiya ta uku na same ta kwance, kafin likitan dabbobi ya gama shiri ta cika. Wofa bai yi min faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Ya dai ce naman daji ba ya nuna ciwo, domin a dawa wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. In ka ga ta kwanta, to ciwon ya daɗe da cin ƙarfinta. Abin da ba za ta iya ɓoyewa ba shi ne abin da ta bari a ƙasa.

Tun daga ranar na sayi ƙaramin littafi na sa a aljihu. Sai shara ta koma min karatu. Kashin kura in ya bushe fari yake zama kamar alli, saboda ƙashin da take niƙewa da haƙora, ranar da ya canza launi sai ka tambayi kanka me ta ci. Ruwan kwano, ya ragu kamar kullum ko an sha fiye da ƙima? Gashi a jikin waya na nufin wani yana susa ko an yi faɗa da dare. Mesa in idonta ya yi hazo-hazo ta ƙi abinci, ba ciwo ba ne, saɓa za ta yi, ka bar ta ta huta. Ita dama takan yi makonni ba ta ci ba. Kada da ya wangame baki a rana kuwa ba yunwa ce ba, zafin jikinsa yake ragewa. Duk wannan mai tsintsiya ne ke fara gani. Likita yana da allura da ilimin da ba ni da shi, amma bai san yadda wannan dabbar take jiya da shekaranjiya ba sai na gaya masa.

Wofa yana nan a 2006 lokacin da aka tashi tsohon gidan zu na Accra, wanda Kwame Nkrumah ya kafa a Flagstaff House, don a gina fadar shugaban ƙasa, aka kwaso dabbobi da yawa zuwa Kumasi. Ya ce dabbar da aka sauya wa wuri kamar amarya take, sai ta yi kwanaki tana ƙin abinci tana laɓewa a lungu, maganinta kawai a rage mata ido da hayaniya.

Naman zakin da na ƙosa in kai kuwa, da aka ba ni sai na ga shi ne mafi sauƙi a aikin. Ka auna wajen kilo 5, ka bar ƙashi a jiki don haƙora, ka ajiye a ɗakin da ba ya ciki, ka fita ka kulle, sannan a ja masa ƙofa daga waje. Akwai ranar da ake hana shi da gangan, don a dawa ma ba kullum yake kamu ba.

Masu ziyara su ne wahalar. Zaki yakan shafe mafi yawan yini yana barci, haka Allah Ya yi shi, amma mutum ya biya kuɗin ƙofa, sai ya ɗauki dutse. Ranakun Sallah, da yaran zango suka cika wuri da sababbin kaya, ba na zama ko minti ɗaya. Jimina tana haɗiye duk abin da ya yi ƙyalli, marfin kwalba, kwabo, ledar ruwa. Birin cimfanzi yana ɗaukar mura da tarin mutum, don haka ragowar biskit da ka ciza ka miƙa masa don tausayi tana iya kwantar da shi. Na gaji da bayani da Hausa da Tonanci. Da aka ji labarin mutumin da ya haura shinge ya faɗa wurin zakuna a gidan zu na Accra da ke dajin Achimota a watan Agusta 2022 ya rasa ransa, 'yan majalisarmu a Aboabo sun kwana suna gardama ko asirinsa ne ya karye. Na ce musu shinge ya haura.

Nawa kuskuren babba a wurin bika na yi shi, a shekarata ta biyu, lokacin da na fara jin na iya. Akwai wani ƙaton namiji da ya saba da ni, har yakan juya min baya in sosa masa ta waya, abin da Wofa ya hana ni ban ji ba. Wata Juma'a ina sauri in yi wanka in canza kaya kada salla ta wuce ni, na rataya kwaɗo a ƙofar ciki ban danna shi ba. Shi kuwa kullum idonsa a kan hannuna yake. Ban kai ƙarshen lungun ba na ji ƙarar ƙarfe ya faɗi. Da na waiga sai ga shi tsaye a lungun ma'aikata, gashin wuya a tashe, ya yi hamma ya nuna min fiƙoƙi masu tsawon yatsana. Hammar bika gargaɗi ce. Wannan da nake sosa wa baya, kallon da ya yi min babu sanayya a ciki ko kaɗan. Allah Ya sa ƙofar waje tana bayana kuma na bi ƙa'idarta, na ja da baya ba tare da na haɗa ido da shi ba, na fita na datse. Sai da Wofa ya zo da ayaba da haƙuri aka lallaɓa shi ya koma. Sallar dai ta wuce ni.

Wofa ya ɗauki kwaɗon ya sa min a tafin hannu. "Kramo, ba a kulle shi da ido. Ka danna, ka ja, ka ji ya ƙi." Sabo turken wawa, in ji mutanenmu, ni na ga turken da idona.

Akwai abin da har yau bai bar ni ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Buhari da Muslim, kowane ɗan makarantar allo ya ji shi. To ni kullum makullai ne a aljihuna. Ba zan ce wa kowa keji abu ne mai kyau ba. Na ga kura tana kai da komowa a layi ɗaya har ƙafarta ta fitar da hanya a ƙasa, ciki a cike amma kai babu aikin yi. Ciyarwa kaɗai ba ta sauke nauyin. Shi ya sa muke ɓoye mata ƙashi ta nema da hanci, mu cusa wa birai gyaɗa a cikin gora su yi ta fama, mu watsa abinci maimakon tarawa a kwano ɗaya. Wahalar da muke ba su ita ce jin daɗinsu.

Masu cewa a kwashe su a kai gandun dajin Mole da ke arewacin Ghana a saki kuwa, su fara tambayar yadda suka zo. Da yawa daga cikin ƙananan birai hannun mutane aka karɓo su, maharbi ya kashe uwa, aka ɗaure ɗan da igiya a tsakar gida har ya girma ya fara cizo. Wannan bai san ganyen ci ba, bai san tsoron damisa ba. Wasu kuma dajin nasu ne ke ƙarewa, kamar birin mangabe mai farin ƙeya da WAPCA, ƙungiyar kare biran Afirka ta Yamma, wadda gidan zu na Heidelberg a Jamus ya assasa a 2001, ke kiwo a Accra da Kumasi don kada irinsa ya ɓace. Wannan hujjar takan kwantar min da hankali, amma ba kowace rana ba.

Mahaifiyata har yanzu tana aiko da rubutu, ina kuma sha. A makon jiya, bayan magariba, jemagu sun tashi sun rufe saman Kejetia, na shiga trotro har mun wuce Alabar sai zuciyata ta ce, ka ja kwaɗon ɗakin kura kuwa? Na ce wa yaron mota ya tsaya, na sauka na koma da ƙafa, mai gadi yana yi min dariya. A kulle yake. Na ja shi duk da haka, na je na sake biyan kuɗin mota.