Wata tara ina yanka albasa a Atina

Tun da na dawo Kumasi tambaya daya ake min a Aboabo, wai me na je yi Girka. Ranar da na je gaida Kawu cewa yayi, "Kai yaro, mu mun saba bature ne ke shigowa zongo da littafi da biro yana mana tambaya, yanzu kai ne ka bi shi gida?" Nace eh Kawu, hakan ne.

Irin binciken da nake yi ba raba takardar tambayoyi bane, zama ake cikin mutane, ka ci abinda suke ci, ka kama aikin da suke yi, da dare ka rubuta abinda idonka ya gani. Kungiyoyin farar hula na je dubawa. Kafin in tafi abinda na yi ta karantawa shine wai a Girka irin kungiyoyin nan basu da karfi, kowa danginsa da jam'iyyarsa ya sani, in kana neman abu sai wa ka sani.

Sai bashi ya kama kasar. A 2010 Tarayyar Turai da IMF, wato asusun bada lamuni na duniya, suka amince su basu rancen yuro biliyan 110 da sharadin a rage albashi da fansho, zuwa 2013 marasa aiki sun haura kashi 27 cikin dari, matasa kam fiye da rabi na zaune, kuma wanda ya dade ba aiki inshorar lafiyarsa ma sai ta fadi. A nan ne mutane suka tashi da kansu. A karshen 2011 likitoci suka bude wajen duba marasa lafiya kyauta a Elliniko da ke gefen Atina, babban birnin kasar, basa karbar kudi daga hannun kowa, magani ne zaka kawo, ko ragowar wanda ka sha ka warke. A 2012 a garin Katerini aka fara kawo manoma suna sayar da dankali kai tsaye ba dan tsakiya. Sannan 2015 ta zo, mutum sama da dubu 800 suka tsallako teku daga Turkiyya, akasarinsu 'yan Siriya da Afganistan, da yawa ta tsibirin Lesbos.

Ni a wani dakin girkin jama'a, inda ake dafa wa masu yunwa, a unguwar Kipseli ta Atina na zauna. Wata biyun farko ba wanda ya sake da ni, sun gaji da 'yan jarida da masu bincike da ke zuwa su dauki magana su bace, sai na ajiye rikoda na dauki wuka. Albasa, wankin tukunya, daukar buhun wake. A wajen wankin tukunyar nan na samu hirar da ba zan taba samu da rikoda ba.

Akwai wata dattijuwa, Kiriya nake ce mata kamar yadda zamu ce Hajiya. Wata rana da dan guntun Girkancina na yaba musu nace wannan sadaka ce babba, na yi amfani da kalmarsu filantropiya. Wallahi ranta ya baci. Tace su ba sadaka suke ba, alilengii suke, wato taimakekeniya, tace mai sadaka yana tsaye a sama yana miko maka, su kuwa wanda ya dafa da wanda ya zo da yunwa tukunya daya suke ci, gobe mai cin shi zai rike ludayi. Maganar ta dade tana min yawo a kai, don mu sadaka ibada ce bamu dauke ta raini ba, amma na gane inda take nufi, ita ma fanshonta aka yanke, bata son kowa ya kalle ta da idon tausayi.

Ba wai komai lafiya lau ba. Taronsu na mako ba shugaba, kowa sai ya fadi nasa, awa uku ana abu daya, kuma mutum biyar shida ne kullum ke dauke da nauyin, sun gaji sosai. Ga jin haushin manyan kungiyoyi masu ofis da albashi.

Juma'a yawanci a wani daki na karkashin kasa nake yi da 'yan Bangladash da Pakistan. Masallacin da gwamnati ta gina a unguwar Votanikos ta Atina sai Nuwamban 2020 aka bude shi, ba hasumiya.

Abinda ya fi tsaya min a rai, duk abin nan na san shi tun ina yaro. Adashin mata, karo-karon makoki da suna, bakon da ya sauka daga Bawku ko Yamai ba shi da kowa mai gida ya bashi daki har ya tsaya da kafarsa, zongo ma ai a kan haka aka kafa shi. Ba rajista, ba satifiket. Wanda ya zo kirga kungiyoyi a takarda zai ce bamu da komai, irin yadda aka ce wa Girkawa. Inda suka fi mu a ganina shine basa tambayar kai dan wane ne ko wane masallaci kake sallah.

Yanzu na roki Mma ta bar ni in rika zama wajen adashinsu ranar Lahadi. Tace to, amma in bar littafin a daki tukuna, in zo da wuri in jera benci.