Abin da na koya daga Jay Williams kan aikin sharhin wasanni

A sashen wasanni na gidan rediyon da nake aiki, ni ke shirya baƙin da za su zauna da mu a yi sharhi, kuma yawancinsu tsofaffin 'yan wasa ne. Mutum ya yi shekaru yana taka leda jama'a na yi masa tafi, amma da zarar jar fitila ta kama aka ce ana jin sa kai tsaye, sai bakinsa ya yi nauyi. Ka tambaye shi me ya sa ƙungiya ta sha kashi, ya ce yara ba su dage ba, shi ke nan. Sanin wasan yana nan a jikinsa, fito da shi a baki ne ba wanda ya taɓa koya masa. Wannan matsalar ce ta sa na daɗe ina bibiyar rayuwar Jay Williams, ɗan ƙwallon kwandon Amurka da ya koma mai sharhi a tashar ESPN.

A Amurka gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i ba ƙaramin abu ba ce, kuma Williams yana cikin fitattunta. Ya buga wa Jami'ar Duke daga 1999 zuwa 2002 a hannun koci Mike Krzyzewski. A Janairun 2001 Maryland ta wuce su da maki 10 saura daƙiƙa 54 a tashi, shi kaɗai ya ci maki 8 cikin ƙiftawar ido, aka tafi ƙarin lokaci, Duke ta yi nasara. A shekarar suka ɗauki kofin ƙasa bayan sun doke Arizona. A 2002 aka ba shi lambar Naismith ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, sannan Chicago Bulls ta ɗauke shi a matsayi na 2 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, Yao Ming kawai ke gabansa.

Kakar wasa ɗaya ya yi. Ranar 19 ga Yunin 2003, yana ɗan shekara 21, ya hau babur a Chicago babu hular kwano, babu lasisin tuƙa babur, ga shi kwantiraginsa ya hana shi hawa. Ya daki falwaya, ƙashin ƙugunsa ya karye, jijiyoyin gwiwarsa ta hagu suka tsinke. Ya yi ta fama da jinya, ya gwada komawa fili da New Jersey Nets a 2006, suka sallame shi kafin kaka ta fara, ya je ƙaramar ƙungiyar Austin Toros, nan ma rauni ya hana. Shi da bakinsa ya faɗa cewa a shekarun nan ya kamu da shan magungunan kashe raɗaɗi, har ya yi yunƙurin kashe kansa.

Mutane kan ba da labarin kamar daga gadon asibiti ya wuce kujerar talabijin. Wanda ya san aikin ya san ba haka ake yi ba. Suna yakan buɗe maka ƙofa sau ɗaya, sauran kuma sai ka iya. Da sharhin wasannin jami'o'i ya fara, a hankali ya kai ga College GameDay, shirin talabijin na ESPN kan wasannin jami'o'i, sannan a 2020 ya shiga shirin safe na rediyon ESPN, inda a wurin mai sauraron rediyo babu hoton da zai rufa maka asiri, murya ce kawai da abin da ke kanka.

Da nake sauraren sa, abin da ya fi jan hankalina shi ne gurbin da ya buga. Shi ne mai raba ƙwallo, wanda aikinsa ya ga inda wasa zai nufa kafin ya nufa can. Idan yana sharhi, bai cika tsayawa kan wanda ya jefa ƙwallo a kwando ba, sai ya mayar da kai baya ya nuna maka wanda ya tare hanya har aka samu sararin jefawar. Mai kallo ya riga ya ga an ci. Dalilin cin ne bai gani ba, kuma don shi aka ajiye tsohon ɗan wasa a situdiyo.

Daga nan na sauya yadda nake shirya baƙina. Kafin mu shiga, sai in ɗauko waya in kunna ɗan guntun wasan, in tsayar da shi ana gab da ci, in ce, "Kaftin, me ka gani a nan?" Wani tsohon mai tsaron baya da da ƙyar yake haɗa jimla biyu a iska ya matso da fuskarsa kusa da wayar, ya sa yatsa a kan wani yaro ya ce, "Dubi ƙafarsa. Ya riga ya ba da baya, ko tsohuwa ce za ta wuce shi." Na ce to wannan maganar nake so ka maimaita a makirufo, yadda ka faɗe ta. Ranar masu saurare suka yi ta bugo waya suna neman a dawo da shi. Ashe tambayar da muke yi musu ce ta yi faɗi da yawa.

Akwai kuma ɓangaren jawabai, don Williams yana zuwa taruka ya yi wa ɗalibai da ma'aikata magana. A ganina abin da ya sa ake sauraren sa shi ne bai ɗora wa kowa laifin hatsarin ba. Yakan ce shi ya hau babur ɗin duk da an gargaɗe shi. Na sha zama da tsofaffin 'yan wasanmu da raunin gwiwa ya kashe wa sana'a, kuma da yawansu an cuce su da gaske, an bar su da kuɗin asibiti ba mataimaki. Ina jin zafin hakan ƙwarai. Amma idan hira ta zama ƙorafi daga farko har ƙarshe, yaron da ke sauraro ba ya tashi da abin da zai yi amfani da shi gobe. Wanda ya faɗi abin da aka yi masa, ya kuma faɗi inda shi ya yi sakaci, maganarsa ta fi shiga.

Abu ɗaya da ba a cika ambata ba: Williams ya kammala digirinsa na nazarin zamantakewa a Duke cikin shekara 3, kafin ya shiga NBA. Lokacin da ƙafa ta ƙi, yana da takarda a hannu, ya kuma saba da karatu da tsayawa gaban mutane ya kare ra'ayinsa. Shi ya sa yanzu ba na jiran ɗan wasa ya yi ritaya kafin in gayyace shi. Duk matashin da ke buga wa makarantarsa ko ƙungiyar jiha, idan na ga yana da ido, nakan kira shi ya zauna a shirin ƙarshen mako na minti goma, bayan an gama mu saurari faifan tare, in nuna masa inda ya yi sauri da inda ya bar magana a rataye. Sharaɗina da su shi ne ba na saka kowa a shiri a makon jarrabawarsa.